Belin Baba

Mahaifina tela ne a Anguwan Rogo, cikin garin Jos. Shagonsa ƙarami ne a bakin layi, tsakanin mai gyaran rediyo da wata tsohuwa da ke soya ƙosai da safe. Ni ce 'yarsa ta fari, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa har ya bar duniya bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini.

A shekarar da abin ya faru ina koyarwa a wata makarantar firamare a Kwararafa, ban yi aure ba tukuna. Baba ya daɗe yana sha'awar irin keken ɗinkin nan da ke yin ado a wuyan riga, domin duk babbar rigar da ya ɗinka sai ya kai wa wasu su yi mata aikin wuya, su kuma su riƙe ta sai ranar da suka ga dama. Wata rana wani mai yawo da tsofaffin kayan aiki ya kawo masa irin keken, ya ce na wani tela ne da zai bar gari. Baba ya duba, ya gwada, ya saya da rana tsaka a gaban mutane. Da yamma ya kira ni na zo na gani, yana ta shafa shi da tsumma yana dariya.

Bai jima yana morarsa ba. Ina cikin aji aka turo a ce mini in je gida maza. Na tarar da shagon a buɗe, babu Baba, babu keken, Umma kuma tana zaune a tsakar gida. Ashe an fasa shagon wani mutum ne a cikin gari aka kwashe kaya, mai shagon ya bi diddigi har ya gane kekensa a wurin Baba, ya zo da 'yan sanda. Wanda ya sayar kuwa an neme shi an rasa.

Ban taɓa shiga kotu ba sai ranar da aka kai shi gaban majistare. Na zauna a bencin baya ina kallon Baba a cikin akwatin nan na katako, da hularsa a hannu. Aka karanta masa laifin karɓar kayan sata, aka fassara masa, ya ce shi saye ya yi, bai san na sata ba ne. Majistaren ba tsoho ba ne, kuma ban ga alamar mugunta a fuskarsa ba, gajiya kawai na gani. Bai ɗago kai sosai ba ya ce ya ba da beli. Na dafa ƙirji na ce alhamdulillahi a fili, har wani ɗan sanda ya waiwayo ya harare ni. Sai na ji ya ci gaba da magana. Ya ce mutum biyu ne za su tsaya wa Baba, kowannensu ya zama babban ma'aikacin gwamnati mai babban mataki, kuma kowanne ya kasance yana da gida a cikin Jos mai takardar mallaka ta gwamnati. Kafin a cika wannan, a kai shi gidan yari.

A lokacin ban fahimci nauyin maganar ba. Na ɗauka abin zirga-zirgar yini guda ne. Baba ya yi wa manyan mutane ɗinki, ai ba za a rasa biyu ba.

Na fara da shugaban makarantarmu. Mutumin kirki ne, ya ce wallahi da zai iya da ya yi, amma matakinsa bai kai ba, kuma shi kansa gidan haya yake. Na je wurin wani babban ma'aikaci da Baba ke ɗinka wa kayan sallah tun kafin a haife ni. Ya sa aka kawo mini lemo, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malama, ritayata ta kusa. Kin san yadda aikin gwamnati yake, ba na son sunana ya shiga takardar kotu a wannan lokaci. Amma zan sa shi a addu'a." Rigar da ke jikinsa ranar ɗinkin Baba ce, na gane ta daga yadda aka kafa aljihun. Wani kuma yana da matakin, ba shi da gida. Wani yana da gida, amma irin namu ne. Gidanmu kakana ya gina shi tun zamanin haƙar kuza, kowa a unguwa ya san namu ne, amma babu wanda ya taɓa ba mu wata takardar gwamnati a kansa. Haka yawancin gidajen layinmu suke.

Makonni suka yi ta wucewa. Damina ce, kuma wanda ya san Jos ya san yadda sanyi ke shiga ƙashi idan ruwa ya kwana yana zuba. Baba yana da ciwon suga. Ranar da aka bar ni na gan shi, na ga idon sawunsa ya kumbura, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na yi niyyar ba zan yi kuka a gabansa ba, ban iya ba.

"Haba Uwata," ya ce, "ke da za ki ba ni haƙuri? Ai lafiyata ƙalau. Ki saurara, akwai kayan matan cocin nan a cikin kwali a ƙarƙashin tebur. Na yanka ban haɗa ba. Idan Mama ta zo ki ba ta haƙuri, ki gaya mata gaskiya, kada ki ce na yi tafiya."

Maman da yake nufi wata dattijuwa ce 'yar asalin Filato da ke zaune a unguwar Congo-Russia, shugabar matan zumunta a cocinsu. Shekara da shekaru Baba ke ɗinka musu kayan da suke sawa iri ɗaya idan suna da taro. Ko bayan rikice-rikicen da suka sa mutane suka daina shiga unguwannin juna yadda suka saba, ita ba ta canza tela ba. Takan hau keke napep ta sauka a ƙofar shagon, ta zauna a benci suna gardamar tsawon hannun riga.

Ta zo kuwa, ta tarar da shago a kulle, aka nuna mata gida. Na shimfiɗa mata tabarma na gaya mata komai kamar yadda Baba ya ce. Da na gama sai ta tafa hannu.

"Tela na? Tela na a gidan yari? Mutumin da ke mayar mini da ragowar yadi ko ɗan mitsitsi ne? Yarinya, me ya sa ba ki zo ki faɗa mini ba?"

Na ce ban san akwai abin da za ta iya yi ba.

"Tashi ki sa mayafi. 'Yata lauya ce."

Ofishin 'yar tata ɗaki ɗaya ne a saman wani kanti, babu wani kayan alatu, sai littattafai da wata fanka da ba ta aiki. Ba ta girme ni da yawa ba. Mama ta tura ni gabanta ta ce, "Ga ta nan, babanta ne ya ɗinka miki rigar makaranta ta farko, ki ji da kyau." Barista ta yi murmushi ta ce in zauna. Da na zayyana mata sharuɗɗan, sai ta ajiye biro ta jingina da kujera.

"A kan keken ɗinki?"

Na ce eh.

"To ki ji, Malama. Wannan ba a ba shi beli ba, an hana shi ne da wani suna. Akwai kotun da ke sama da waccan. Za mu je Babbar Kotu mu roƙi a sassauta. Ban yi miki alkawarin komai ba, kuma zai ɗan ɗauki lokaci, amma za mu je."

Na tambaye ta ko majistaren ba zai ji haushi ya huce a kan Baba ba, tunda shari'ar tana hannunsa. Ta ce wannan tsoron ne yake sa mutane su yi shiru su bar nasu a ciki, kuma doka ce ta buɗe wannan ƙofa, ba alfarma za mu nema ba.

Ya ɗauki lokacin kuwa. Ranar farko da muka je ba a zauna ba. Rana ta biyu lauyan gwamnati ya ce bai samu ya karanta takardun ba, aka ɗage. Duk lokacin da muka fito ina jin kamar in zauna a bakin titi. Barista kuwa sai ta cire baƙar rigar nan ta lauyoyi ta rataya a hannu ta ce, "Haka abin yake, mu dawo." Mama ma ba ta taɓa fashi ba. Takan zo da jakarta da laima, ta zauna kusa da Umma. Umma ba ta jin Turanci, Mama ce ke raɗa mata abin da ake cewa, wani lokaci har da ƙarin nata ra'ayin.

Alƙalin Babbar Kotun dattijo ne mai furfura, mai sanyin murya, sai ka kasa kunne sosai kafin ka ji shi. Ranar da aka saurari roƙonmu, Barista ta yi bayani a taƙaice: shekarun Baba, ciwonsa, cewa a Jos aka haife shi, a nan iyalinsa suke, bai taɓa shiga hannun hukuma ba. Alƙalin ya juya wurin lauyan gwamnati ya tambaye shi ko yana da dalilin tunanin wannan tsohon zai gudu. Lauyan ya ce ba shi da shi. Ya sake tambayarsa, shi da yake ma'aikacin gwamnati, mutum nawa ya sani masu wannan mataki da gida mai takarda da za su tsaya wa telan unguwa. Lauyan ya yi ɗan murmushi ya ce ya bar wa kotu. Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Alƙalin bai yi dariya ba.

Da ya zo karanta hukuncinsa, muryarsa ta ɗan ɗaga. Ba zan iya kawo kalmominsa daidai ba, da Turanci ya yi su, amma ma'anarsu tana nan a kaina. Ya ce mutumin da ba a tabbatar da laifinsa ba, a idon doka marar laifi ne, kuma manufar beli ita ce a tabbata zai dawo kotu, ba a fara hukunta shi tun kafin a saurare shi ba. Ya ce abin yana damunsa yadda irin waɗannan roƙe-roƙe ke ta zuwa gabansa daga ƙananan kotuna, inda alƙali zai ɗauki sharaɗin da ya dace da wanda ake zargi da babban laifi ya ɗora wa talaka a kan ƙaramin zargi, ba tare da ya dubi wanda ke tsaye a gabansa ba. Ya ce alƙalin da ya sa sharaɗin da ya san ba za a iya cikawa ba, gara ya fito fili ya ce ya hana, ya faɗi dalilinsa, domin a san abin da za a ƙalubalanta. Ya ce gidan yari ya cika da mutanen da a takarda an ba su beli. Bai zagi majistaren ba, bai ma ɗaga hannu ba, amma har lauyoyin da ke jiran nasu shari'un sai da suka daina juya takardu. Ya soke sharuɗɗan, ya ce mutum ɗaya ya isa, baligi mai sana'a sananniya, mazaunin Jos, wanda ma'aikacin kotu zai je ya ga inda yake zaune. Ya kuma ce a aika wa ƙaramar kotun kwafin hukuncin.

Mama ta raɗa wa Umma. Umma ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

A waje muka tsaya muna shawarar wanda zai tsaya. Ƙanin Baba yana Bauchi, ni kuma Barista ta ce ya fi kyau a samu wanda ba ɗan gida ba. Muna cikin haka sai na ji an yi sallama a bayana. Na juya na ga mutumin da ban taɓa zaton gani a wurin ba. Wani tela ne da shagonsa ke kallon na Baba. Tare suka koyi ɗinki a wurin maigida ɗaya suna samari, daga baya suka ɓata a kan wani abu da ba wanda ya taɓa gaya mana, har na girma ban ga sun wuce gaisuwar masallaci ba. Mu yara ma an hana mu zama a ƙofar shagonsa. Ashe yana ciki tun safe, a can baya.

Bai kalli Umma ba, Barista ya fuskanta. "Ranki ya daɗe, na ji an ce mai sana'a. Ni tela ne. Gidana yana nan a Anguwan Rogo, a zo a gani. Idan ya gudu a kama ni."

Barista ta tambaye shi ko ya san nauyin abin da zai ɗauka.

"Na san shi tun ba mu da gemu," ya ce. "Taurin kai gare shi, amma ba ɓarawo ba ne, kuma ba ya gudu."

Aka je aka ga gidansa, aka gama abin da za a gama. Ranar da aka saki Baba an yi ruwa da ƙanƙara da azahar, titi duk ya yi fari-fari kafin ta narke. Muna tsaye a ƙarƙashin wata rumfa ya fito, yana takawa a hankali saboda ƙafar. Ya gaisa da Umma, ya dafa kaina, ya yi wa Mama da Barista godiya. Sai idonsa ya faɗa kan telan nan da ke tsaye gefe yana riƙe da laima. Suka kalli juna.

"Kai ne?" in ji Baba.

"To wa kake so ya zama? Shiga mu tafi, ka sa na rufe shago tun safe."

A keke napep ɗaya suka zauna su biyu, mu muka bi su a wani. Ban san abin da suka ce wa juna a hanya ba. Abin da na sani, kayan matan cocin da Baba ya yanka bai haɗa ba, su biyu suka ƙarasa su, ɗaya yana haɗawa ɗaya yana kafa maɓalli, suna musu a kan wanda ya fi iya ɗaukar awo.

Shari'ar kanta ta koma gaban majistaren, kuma Baba bai taɓa makara ba, kullum da mai tsaya masa a gefensa. Na yi ta fargabar yadda majistaren zai karɓe mu, amma bai nuna komai ba, har wata rana da ya ga Baba ya daɗe a tsaye ya ce a ba shi kujera. Bayan wasu watanni aka kama mai sayar da tsofaffin kayan a wani gari kan wata satar, ya kuma faɗa da bakinsa cewa Baba bai san komai ba. Aka sallami Baba. Keken ya koma wa mai shi.

Na taɓa ce wa Barista har yanzu raina yana ɓaci idan na tuna majistaren. Ta ce ita ma ranta ya ɓaci, amma in sani yawancinsu tsoro ne ke sa su haka. Idan suka saki mutum ya gudu, su ake tuhuma, a ce sun karɓi wani abu. Idan suka tsare mutum ya rame a ciki, babu mai tambayarsu. Ta ce amfanin abin da dattijon alƙalin nan ya yi shi ne yanzu sun san akwai mai tambaya ta wannan ɓangaren ma.

Baba kuwa bai bar maganar a nan ba. Ya ce akwai wani manomi daga wani ƙauye a bayan gari da suka kwana ɗaki ɗaya, wanda ke ba shi bargonsa idan sanyi ya tsananta. Rigimar iyakar gona ce ta kai shi, kuma shi ma irin sharaɗin aka sa masa. Baba ya dame Barista da zancensa har ta je ta gan shi. Ta ɗauki hukuncin da aka yi a kan Baba ta kafa hujja da shi, aka sassauta. Wannan karon Baba ne ya tsaya, bayan tasa shari'ar ta ƙare. Umma ta yi ta faɗa, tana cewa daga fitowa sai komawa kotu, shi kuwa ya ce ai yanzu ya san hanya.

Alƙalin nan sau ɗaya na sake ganinsa, bayan ya yi ritaya, Baba kuma ya riga ya rasu. A asibiti ne, na kai ɗana, shi kuma yana zaune a layin masu jiran likitan ido da sanda a tsakanin ƙafafunsa, ba wanda ya san ko shi wane ne. Na daɗe ina shawara kafin na ƙarasa na durƙusa na gaishe shi. Na gaya masa ni 'yar telan nan ce na Anguwan Rogo, mai keken ɗinki. Ya yi ƙoƙarin tunawa, sannan ya girgiza kai.

"Ki yi haƙuri 'yata, ban tuna ba. Sun yi yawa. Ya fita dai ko?"

Na ce ya fita, ya yi shekaru a gidansa, ya aurar da ni, ya ga jikoki.

"To madalla," ya ce. "Madalla. Tashi, ƙasan nan da sanyi."

Sai aka kira shi, na riƙe masa sandar har ya miƙe, ya shiga wurin likita.